Jinyar Malam Sani, Tsakanin Almakashi da Awartaki

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya saukar da cuta, Ya kuma san inda maganinta yake. Sunana Umaru, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Dogon Daji. Wannan labarin jinyar wana ne, Malam Sani, wanda ya rasu a hannuna a garinmu Fakku, cikin ƙasar Kebbe. Na zauna rubuta shi ne saboda masu zuwa ta'aziyya da yawa sun tafi da rabin labari, kuma rabin da suka ɗauka ba shi ne mai amfani ba.

Malam Sani ya girme ni nesa ba kusa ba. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe ni, shi ya sa ni boko duk da surutun dangi. Shi ne limamin masallacin unguwarmu, yana ba da karatu a zaure bayan asuba da bayan la'asar, da damina kuma ya noma gero da dawa da ɗan wake kamar kowa. Mutum ne mai tsantseni a kan tsarki. Tufafin sallarsa daban da na gona, butarsa ba mai taɓa ta, kuma ya fi shekara ashirin yana jan jama'a salla ba a taɓa jin ya makara ba.

Bayan an gama girbi ne matarsa Hajo ta bugo mani waya. A lokacin sai ta hau tudun bayan gari kafin waya ta shiga.

"Umaru, ka taho ka dibi ɗan'uwanka," in ji ta. "Yau kwanaki ke nan na'ibi ka ba da salla. Shi kuwa ba shi faɗin komi."

Na hau babur na je. Na tarar da shi a zaure ya ɗan rame, amma ba ramar da za ta tsorata mutum ba. Sai da ɗalibai suka watse ya gaya mani, kansa a sunkuye. Iska na fita masa ba da saninsa ba, alwala ba ta zama. In ya zagaya wani lokaci ciki ya ɗaure, wani lokaci ya tsinke, kuma akwai jini. Ya ce tun cikin damina yake ganin jinin.

Kowa ya ce basir ne, har da ni. Gwaggonmu ta aiko da jiƙon sabara. Wani abokinsa ya kawo zuma da habbatus sauda. Mai kemis a Kebbe ya ba da maganin tsutsar ciki da na shawara. Shi da kansa ya yi rubutu ya sha. Jinin ya kan ɗauke kwana kaɗan, mu ce an samu sauƙi, sai ya dawo. Haka muka cinye sanyi gaba ɗaya.

Ranar da jiri ya kwashe shi a bakin rijiya muka kai shi asibiti a Kebbe. Aka ce taifot, aka ɗaura ruwa. Da bai tashi ba muka wuce Tambuwal. Can ne wani likita ya buɗe masa fatar ido, ya ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Na ba da nawa, na'ibi ma ya ba da nasa. Likitan ya matsa cikin ta gefen hagu, ya daɗe hannunsa na wurin, sannan ya ce wannan ba aikinsu ba ne, mu tafi Sakkwato kada mu tsaya ko'ina. Allah Ya saka masa da alheri, shi ne na farko da bai ce basir ba.

Wanda bai taɓa jinya a babban asibiti ba, ya shirya ƙafafunsa. Layin yankar kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma in aka tashi aiki kana tsakiyar layi sai gobe. Malam yana zaune a kan buzunsa a baranda yana jan carbi, ni ina zarya. Mako na farko ya ƙare a gwajin jini da hoto. Na biyu aka ce sai an zura bututu mai kyamara ta ƙasa an leƙa hanjin. Na ga yadda fuskarsa ta canza da aka yi masa bayani, amma ya daure. Aka gutsuro ɗan nama aka kai awo, muka koma gida jiran sakamako. Sai da muka sayar da sa ɗaya da rabin dawar rumbu kafin mu kai nan.

Likitan da ya karanta mana sakamakon sunansa Likita Yahaya, mutum mai magana a hankali, kullum idanunsa ja saboda gajiya. Ya zana hanji a bayan wata takarda, ya ɗiga baƙi a can ƙasa. Ya ce ciwon daji ne, a babban hanji, kuma a hoton da aka ɗauka bai ga alamar ya bazu ba. Ya ce zai tsaga cikin, ya yanke wurin da ƙarin yake, ya haɗa bakin hanjin biyu. Amma ƙarin ya yi ƙasa. Mai yiwuwa sai an fito da bakin hanji ta gefen ciki, a manna jaka tana tarar bayan gida, na ɗan lokaci ko na har abada. Ba zai sani ba sai ya gani da idonsa.

Malam bai girgiza da jin ciwon daji ba. Jakar ce ta girgiza shi.

"Likita," in ji shi, "kana nufin najasa ta zan rataye gare ni, ni kuwa ina gaban sahu?"

Ni ne na tambaya ko babu wata hanya. Likita Yahaya ya ce akwai wani aiki da ba a tsaga ciki. Huji ake yi ƙanana, a hura iska cikin ya tashi, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallo a talabijin yana yanka. Ciwon ya fi saurin warkewa, mutum ya fi saurin tashi. Su dai ba su da kayan a lokacin. Ya ƙara da cewa ba girman yanka ke kawo jaka ba, inda ƙarin ya zauna ne. Ya faɗi wannan, ina wurin, na ji. Amma mutumin da ke neman mafita, kalmar "akwai" kaɗai ke shiga kunnensa. Ya ba mu rana nan da mako biyu. Malam ya ce zai je ya yi istihara.

A nan ne Alhaji Bello ya shigo. Ɗan baffanmu ne, a zauren Malam ya sauke Alƙur'ani. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka yi yawa a hannun gwamnati, ana ta rabon kwangila, shi kuma Allah Ya buɗa masa a Abuja. Yana ƙaunar Malam ƙauna ta gaskiya, kada wanda ya karanta wannan ya zaci wani abu daban. Ya zo Fakku da babbar mota, ya durƙusa ya gaishe shi, da ya ji bayani sai ya miƙe tsaye.

"Wallahi ba a tsaga Malam kamar ragon layya ina raye. Aikin hujin ga, ko ina shi ke, can za mu."

Ya fara kai mu Kano, wani asibitin kuɗi mai sanyi kamar randa. Likitan can ya kunna mana hoton aiki a kwamfuta. Ya nuna mana abin da yake yanka da shi: dogon ƙarfe kamar tsinken tsire, bakinsa ɗan almakashi. Ya ce bakin karkarwa yake yi, da saurin da ido ba ya gani, karkarwar ce ke yanka nama tana toshe jijiyar jini a lokaci guda. Ba ya tura wuta cikin jiki, ba ya ƙona naman da ke gefe sosai, kuma yana da sauri, ga shi siriri yana shiga lungu. Alhaji ya tambaya ko akwai wanda ya fi shi. Likitan ya yi murmushi, ya ce shi dai da wannan yake aiki.

Da Alhaji ya tsaya nan da wataƙila labarin ya canza. Amma wani abokinsa ya ce kada ya yanke shawara sai ya ji ta bakin wani likita a Abuja. Muka ɗauki hanya, Malam yana kwance a kujerar baya. Likitan Abuja nasa kayan daban ne. Bakinsa kamar awartakin maƙera. Yana cafke jijiya, ya matse, ya saki wutar lantarki tsakanin muƙamuƙansa biyu kawai, bangon jijiyar ya narke ya liƙe, na'urar ta yi ƙara ta tsaya da kanta, sannan wata 'yar aska ta ratsa tsakiya. Ya ce manyan jijiyoyin da ke ciyar da hanji wannan ya fi riƙe su, jini ba ya zuba, ga mutumin da jininsa ya riga ya yi ƙasa. Da Alhaji ya ambaci almakashin Kano, sai ya ce yana da kyau, sai dai bakinsa kan ɗauki zafi bayan an gama yanka, in ya goga hanji ba a lura ba yana iya hudawa daga baya. Alhaji ya buga wa na Kano waya a gabanmu. Shi kuma ya ce awartakin baki gare shi mai kauri, kuma zafinsa kan ɗan bazu gefe.

Babu wanda ya yi mana ƙarya a cikinsu. Amma babu wanda ya ce wa Malam a fili, da Hausa, cewa jakar tana nan ko da wanne aka yi. Duk wanda aka tambaya sai ya ce za a yi ƙoƙari.

Muka koma Fakku da sunaye biyu a bakinmu, almakashi da awartaki. Ban taɓa ganin abu ya raba zaure kamar wannan ba. Mutanen da ba su taɓa wuce Tambuwal ba suka ɗauki ɓangare. Mai zuwa dubiya kafin ya tambayi jiki sai ya ce, "To, wanne anka zaɓa?" Wani ya ce wuta ba ta dace da cikin mumini ba. Wani ya ce abin da ke rawa ba shi da tabbas. Alhaji kuwa kullum yana kan waya, yana tambayar likitoci har na ƙasashen waje, kowane ya ƙara masa wani bayani. Hajo kaɗai ta ce, daga bayan labule, "Ni dai wanda ya fi kusa." Aka ci gaba da gardama.

Ranar da Likita Yahaya ya ba mu ta zo ta wuce.

Alhaji ya zaɓi almakashi. Sai aka ce bakin sau ɗaya ake aiki da shi a jefar, na hannunsu ya ƙare, an yi odar wani daga waje. Mako ya bi mako, yau yana jirgi, gobe yana hannun kwastan. Da ya iso, likitan ya tafi ƙaro ilimi, sai bayan wata guda. Ran Alhaji ya ɓaci, ya ce a koma Abuja. Can aka ce gwaje-gwajenmu sun tsufa, a sake. Aka sake. Aka sa rana, Alhaji ya biya kuɗin sabon bakin awartaki da hannunsa. Ana jibi za mu tashi aka bugo waya: wuta ta kawo da ƙarfi ta ƙona akwatin da ke ba awartakin lantarki, sai mai gyara ya zo daga Legas.

A cikin wannan jira zafi ya wuce, hadari ya fara haɗuwa. Malam ya daina cin tuwo, sai kunu, sai farau-farau. Zoben azurfarsa ya riƙa zamewa daga yatsa. Bayan gida ya koma siriri kamar igiya, da ƙyar yake fita. Yana karantarwa a kishingiɗe.

Hankalina ya kasa kwanciya, na tafi Sakkwato ni kaɗai, na tsaya a ƙofar ofishin Likita Yahaya har ya fito. Ya gane ni. Ya tambayi Malam, na kwashe labari na ba shi, na ƙare da tambayarsa wanne ya fi tsakanin biyun. Ya dube ni kamar zai yi faɗa, sai kuma ya sauke murya.

"Malam Umaru, duk biyun suna aiki. Wuƙata ma tana aiki. Bambancin da ke tsakanin wancan da wancan ɗan jini ne da 'yan mintoci. Bambancin da ke tsakanin watan da kuka zo da watan da muke ciki shi ne ran ɗan'uwanka. Ka kawo mani shi makon nan."

Waɗannan kalmomin har yau suna kunnena. Na koma na faɗa wa Malam su kamar yadda na ji, ban rage ba.

"Na jiya," in ji shi. "Amma in anka sa mani jakar ga, wa ka ba jama'a salla? Mi ya rage mani? Bello ya ce saura kaɗan. Mu ƙara haƙuri."

Na kira Alhaji. Ya ce mai gyara ya iso, an ba shi tabbaci. Ya ce, "Umaru, mun kai bakin gaɓa, kada ka maida mu baya." Yana kuka yana faɗin haka. Ni ƙane ne ga ɗaya, kuma ba da kuɗina ake jinyar ba. Na bar maganar.

Lokacin da kiran asibitin Abuja ya zo ruwa ya riga ya sauka, hanyar Fakku ta lalace, mota ba ta shiga. A kan babur muka fito da shi, mai tuƙi a gaba, ni a baya ina rungume da shi, cikinsa ya fara kumbura yana taɓa hannuna kamar tulu. A wani rafi sai da samari suka ɗauke shi a kafaɗa. Motar Alhaji tana jiranmu a Kebbe.

An ce mana aikin zai ɗauki tsawon yini. Da hantsi aka shiga da shi. Ko azahar ba a kira ba muka ga an turo shi waje. Alhaji ya kama hannuna yana dariya, ya ce, "Ka gani? Ka ga aikin zamani?" Sai likitan ya leƙo, ya ce mu biyo shi ofis.

Ya ce da suka zura kyamara sun tarar ciwon ya watsu. Ya ce kamar an watsa gero a bangon cikin, har kan hanta. Ƙarin kuma ya manne da ƙashin ƙugu, ya kusa toshe hanya gaba ɗaya. Yanke shi ba zai ƙara masa kwana ba, sai dai ya rage. Saboda haka ba su taɓa shi ba. Sun fito da bakin hanji ta gefen hagu don kada ya toshe, sun manna jaka.

Alhaji ya ce, "To awartakin fa?"

"Ba mu buɗe shi ba, Alhaji. Babu abin da za mu yanka da shi."

Da za mu fita wata nas ta miƙo masa dogon kwalin bakin awartakin, a liƙe yadda ya zo, ta ce nasa ne tunda shi ya biya. Ya karɓa. Ya zauna a kan benci da kwalin a cinyarsa, bai motsa ba har aka kira la'asar.

Ina gefen gadon lokacin da Malam ya farka sosai. Abu na farko da ya yi, ya tura hannu ƙarƙashin mayafi. Ya taɓa 'yan filastocin da aka rufe hujin da su, na ga fuskarsa ta saki. Sai hannun ya gangara hagu, ya ji ledar. Ya tsaya. Ya dube ni, na kasa ɗaga ido. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya juya fuskarsa bango. Washegari ya tambaye ni ko an cire ciwon. Na ce ba a cire ba. Ya ce, "To, kai ni gida."

A hanya muka biya ta Sakkwato. Likita Yahaya bai ce mana "na gaya muku" ba, kuma wannan ma alheri ne. Ya ce akwai allurai da kan ɗan ja lokaci. Aka yi masa zagaye ɗaya, ya kwana uku yana amai, ya ce ya yafe. Alhaji ya kawo kwalin ya ce a ba wani mabuƙaci sadaka. Likitan ya juya shi, ya ce ba su da akwatin da ake jona shi. Ban san inda Alhaji ya kai shi ba, ban kuma tambaya ba.

Jinyar gida ita ce jinya. Jakunkunan da aka ba mu suka ƙare cikin ɗan lokaci. Babu a Kebbe, babu a Tambuwal, a Sakkwato ma sai an dace. Alhaji yana aikowa daga Abuja, amma saƙo kan makale in ruwa ya cika rafi. Hajo ta koyi wanke su tana shanyawa a cikin ɗaki don kada a gani. Da mannin ya daina kamawa ta ɗinka ɗamara ta atamfa mai aljihu, tana sa ledar ƙulla sukari a ciki. Fatar wurin ta saɓule, ta yi ja, muna shafa man kaɗanya. Ni na ɗauki hutu daga makaranta, na koma zaure da kwana. Ni ke juya shi, ita ke wankewa. Ban taɓa ganin ta yamutsa fuska ba, kuma shi bai taɓa bari a canza jakar ba tare da ya rufe idanunsa ba.

Ya daina salla a tsaye, ya daina taɓa Alƙur'ani. Ya ce shi ba mai tsarki ba ne. Wannan ya fi ciwon cin ransa. Na hau babur na ɗauko Malam Dikko, tsohon malaminsa, wanda ya kusa makancewa. Ya zauna a bakin shimfiɗa ya kama hannunsa.

"Sani, kai da ka karantar da babin tsarki shekara da shekaru? Abin da ka fita ba da ikonka ba, ba shi hana ka salla. Yi alwala, ka tsaya gaban Ubangijinka. Shi Ya sa maka, Shi Ya san da ita."

"Allah shi gafarta Malam, limanci fa?"

Malam Dikko ya ce, "Bar ma na'ibi. Kai ka bi sahu."

Malam Sani ya ɗauki maganar. Ya koma karatu, ya kuma riƙa dogara sanda zuwa masallaci, yana tsayawa a ƙarshen sahun baya kusa da ƙofa. Makonni biyu ko uku muka samu haka, har na fara yaudarar kaina. Sai wata la'asar, muna sujada, ɗamarar ta zame. Ina kusa da shi. Warin ya cika masallacin. Ba wanda ya motsa, ba wanda ya yi tari, na'ibi ya ƙarasa salla a natse. Da aka sallame mutane suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa idonsa a ƙasa, don su suturta shi. Wani dattijo ya cire rawaninsa ya miƙo mani ba tare da ya juyo ba. Na naɗe Malam da shi, na kai shi gida, na dawo na wanke tabarmar. Mutanen unguwarmu sun yi abin da ya dace, Allah Ya biya su. Amma bai sake taka masallacin ba.

Daga nan sai zafin ciwo. Ya fara daga ƙugu ya gangara ƙafa. Ƙwayoyin kemis suka daina aiki. Likita Yahaya ya rubuta wani maganin ruwa mai ƙarfi, na je Sakkwato aka ce ya ƙare, na koma aka ce mai riƙe da makulli ba ya nan, a zuwa na uku na samu kwalba ɗaya. Muna ɗiga masa kaɗan kaɗan don ta daɗe. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya riƙa cizon matashi. Idanunsa suka yi rawaya, ƙafafu suka kumbura. Alhaji ya zo sau biyu, ya kasa wuce bakin ƙofa. A zuwa na biyu Malam ya kira shi ciki, ya ce, "Bello, alheri ka nufa, Allah Ya gani. Kada ka ɗauki wanga kaya." Alhaji ya fita da gudu kamar yaro.

Wata safiya da zafin ya ɗan lafa ya tambaye ni, "Umaru, da na yarda da wuƙar Sakkwato, da na tashi?"

Na riga na yi wa Likita Yahaya wannan tambayar. Na gaya masa amsar da ya ba ni: bai sani ba, babu wanda ya sani, amma a lokacin akwai dama.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kwana ya ƙare." Can kuma ya ce, "Amma ka faɗa ma mutane."

Ya rasu ana fara yankan gero, da hantsi, kansa a cinyata, Hajo tana riƙe da ƙafafunsa. Ni da Malam Dikko muka yi masa wanka. Na cire jakar, muka toshe wurin da auduga. Hujin nan da aka yi masa sun warke sumul, da ƙyar ake ganin tabonsu.

Ina godiya ga likitan Tambuwal, da Likita Yahaya, da na'ibi da ya ba da jininsa, da samarin da suka ɗauke shi a rafi, da Alhaji Bello da ya kashe abin da ya kashe, da Hajo wadda ba ni da kalmar da ta isa. Ina kuma da ƙorafi, ba zan ɓoye ba. A ƙasar da ake sayo na'urorin da ke yanka da karkarwa, mun rasa ledar da za a manna wa mara lafiya, mun rasa maganin da zai bar shi ya yi barci. Kuma likitoci, don Allah, ku faɗi magana mai ɗaci a fili, da harshen da mutum ke ji, ku maimaita har ta shiga. Ga sauran jama'a: jini a bayan gida ba kullum ne basir ba. In likitan da ke gabanka ya ce yau, kada ka tafi neman wanda ya fi shi kayan aiki.

Na faɗa wa mutane kamar yadda ya ce. Ban sani ba ko ana ji. Bayan sadakar arba'in wani mutum ya zo daga wani ƙauye gaba da Kebbe, ya same ni a zaure. Ya yi ta'aziyya, sannan ya matso. Ya ce mahaifinsa na zubar da jini tun bara, yanzu ya fara ramewa, kuma an gaya masa ni na san kan aikin huji.

"Shi ya sa na taho, Malam. Wanne ya fi, almakashin ko awartakin?"

Na ce ya manta da su duka. Na ce ya ɗauki tsohon gobe da safe ya kai shi Sakkwato, na ba shi sunan likita, na ce zan raka su in yana so. Na ba shi labarin nan tun daga farko, har muryata ta dushe. Ya saurara da kyau, yana ta gyaɗa kai, yana cewa Allah Ya jiƙan Malam.

Da ya tashi ya hau babur ɗinsa, ya ce, "In sha Allahu. Bari dai mu gama kai dawa gida, a samu na mota. Yanzu ma an ba shi wani jiƙo, jinin ya ɗan tsaya."

Na tsaya a ƙofar zaure ina kallonsa har ya sha kwana. Bai dawo ba.

Allah Ya jiƙan Malam Sani, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya ba masu jinya haƙuri a duk inda suke.